Kariya, 'Yar Zabuwa ko Tsakuwa Mai Rai: Wacce Za Ta Rayu a Gidanka a Jidda da Makka?

A kowane mashtal, wato wurin raino da sayar da shuke-shuke, na Jidda ko Makka akwai teburin da ake jera ƙananan shuke-shuken nan masu kaurin jiki, kowacce a 'yar tukunyarta ta roba. Ka tambayi mai sayarwa yadda ake kula da su, amsa ɗaya zai ba ka a kan dukkansu: 'yan hamada ne, a ba su rana, a rage musu ruwa. Bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar rabin zancen a cikinsa. Hamada iri-iri ce. Ta bayan Jizan a kudancin Saudiyya daban, ta Namibiya daban, kuma shukar da ta saba da waccan ba lalle ta kai labari a saman benen gidan haya a unguwar Hindawiyya cikin watan Yuli ba. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa shi ba shi da hannun shuka, har wadda ba ta son ruwa ma mutuwa take yi a wurinsa. Galibi ba hannun ba ne. Tun a teburin aka ɗauko wadda ba ta dace da gidan ba.

Uku daga cikinsu mutanenmu suka fi tsayawa a kai. Akwai kariya, wadda muka baro a gida muka zo muka tarar a nan, mai tumbi a gindi da jan fure. A takardar da ake maƙala wa tukunya za ka ga an rubuta Adenium. Akwai wata 'yar curarriya mai tsinin ganye da fararen zane-zane a kwance, Haworthia, wadda zan riƙa kira 'yar zabuwa saboda kamar da take yi da tsiron nan zabuwa da muka sani. Ta uku ita ce Lithops, tsakuwa mai rai, wadda in ba a nuna maka ba sai ka ɗauka duwatsun ado aka zuba a tukunya. Kafin ka tambayi wacce ta fi kyau ko ta fi araha, ka fara tambayar kanka inda za ta riƙa kwana.

Kwana na ce, ban ce wuni ba. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan kafofin jikin ganyensu su shaƙi iskar da suke haɗa abinci da ita, ruwan jikinsu kuma ta nan yake tsiyayewa. 'Yar zabuwa da tsakuwa mai rai ba sa yarda da wannan asarar. Da rana a rufe suke ruf. Sai dare ya yi, gari ya huce, su buɗe su shaƙa, su ajiye abin da suka shaƙa cikin ruwan jikinsu, gari ya waye su sarrafa shi da hasken rana. Dabarar kacokan a kan sanyin dare ta rataya. A gaɓar Namibiya, ruwan sanyin tekun Benguwela ne ke turo hazo da raɓa cikin hamada. A tudun Karu na Afirka ta Kudu kuwa, komai ƙunar rana, dare na sauka sosai. Mu fa? A Makka daga Yuni zuwa Satumba zafin rana na yawo ne tsakanin digiri 42 da 44, a aikin Hajjin 2024 ma an auna 51.8 a Harami, kuma dare ba kasafai yake sauka ƙasa da 28 ba. Jidda ba ta kai Makka ƙuna ba, amma tana da gumin teku da ke hana komai bushewa. Idan dare ya ƙi hucewa, shukar sai ta tsayar da aiki, ta daina shan ruwa. Mai ita bai sani ba, ya ga rana ta ƙwalle, tausayi ya kama shi ya ƙara mata. Ruwan ya kwanta a tukunya da zafinsa, saiwa ta ruɓe, bayan 'yan kwanaki ka taɓa ta ka ji lugub.

Kariya ba ta cikin wannan sahu. Ganyenta da rana yake aiki irin na kowace bishiya, ajiyar ruwanta kuma a tumbi take. Lokacin da sauran biyun suke neman wurin ɓuya, lokacin take girma.

Ita 'yar gida ce ta kowane ɓangare. Tana fitowa da kanta a yankin Sahel tun daga Sanigal har Sudan, ta tsallake Bahar Maliya zuwa kudancin ƙasar Larabawa. Wanda ya taɓa bin hanyar duwatsun Jizan ko gangaren Asir zuwa Tihama ya gan ta tsaye a kan tsandauri, wata gindinta ya tasar wa mita guda a faɗi. A wannan yanki ne ma Turawa suka fara rubuta labarinta, ta hannun masanin tsirrai Peter Forsskål, wanda ayarinsu ya ya da zango a Jidda a 1762 kafin ya wuce Yaman. Saboda haka in kana da saman bene, ko baranda, ko tsakar gida irin na tsofaffin gidajen Makka, ba ka da abokiyar zama kamarta. A 'yar tukunya ba ta wuce santimita 30 zuwa 40 na shekaru, kuma ita kaɗai ce cikin ukun za ta yi maka furen da baƙo zai tsaya ya tambaya.

Sharaɗinta rana ce, aƙalla sa'o'i 6 a wuni. Ka shigar da ita falo, ba za ta mutu nan take ba, amma za ta yi ta miƙewa siriri tana neman haske, fure kuwa sai dai ka gani a wayar wani. A saman bene kuma ba ranar ce abin tsoro ba, simintin ne. Baƙar tukunyar roba da aka ajiye kai tsaye a kan siminti da azahar ɗin Agusta tana gasa saiwa. A ɗora ta a kan katako ko bulo, a sauya mata tukunyar ƙasa ko farar roba, daga Yuni zuwa Satumba kuma a samar mata inuwa bayan azahar, ko da da koriyar ragar nan da ake sayarwa a mashtal.

A wajen ban ruwa nan ake yi mata rashin adalci, don an ce 'yar hamada ce. Kariya cikin zafi mashayiya ce. A zuba mata har ya fito ta hujin tukunya, a bar ƙasar ta bushe zurfin gaɓar yatsa biyu, a sake. A tsakiyar bazarar Makka hakan na iya zama sau biyu a mako. Da hunturu ya shigo ta fara zubar da ganye, sai a ja hannu sosai. Ma'auninta a jikinta yake: ka danna tumbin da babban yatsa. In ya yi tauri, lafiya lau. In ya yi laushi ƙasa kuma a bushe, ƙishi ne, ruwa zai gyara. In ya yi laushi ƙasa kuma a jiƙe, ruɓa ce ta kama ta. A tumɓuke ta, a yanke duk inda ya yi baƙi ko ruwan ƙasa har a kai ga farin nama, a shanya ta a inuwa mako guda, a mayar cikin busasshiyar ƙasa. Sau da yawa tana tashi.

In ka je saye, ka duba ta wace hanya aka samo ta, don kuɗin da kamannin duk a nan suke bambanta. Wadda aka shuka daga iri ita ke yin tumbin nan mai fasali tun tana ƙarama. Wadda aka dasa daga reshe tana saurin fure, amma gindinta sanda ne, sai bayan shekaru yake ɗan kumbura. Ta uku ita ce 'yar aure, wadda aka haɗa reshen mai fure ninki-ninki da gindin wata, irin da manoman Tailan suka shahara da shi. Ita ta fi tsada, kuma za ka ga tabon haɗin a wuya. Ni dai ta iri nake ba mutum shawara. Ta fi juriya, kuma in ta yi 'ya'ya, kwafso biyu masu siffar ƙaho, sai ka ɗaure su da zare kafin su fashe iska ta kwashe irin. Sabon iri a ƙasa mai ɗumi cikin mako guda yake tsirowa. Duk lokacin da aka sauya mata tukunya, a ɗaga gindin sama da santimita 1 ko 2, a hankali tumbin ke bayyana. A ƙarshen Fabrairu, kafin zafi ya kankama, ake yi mata aski don ta yi rassa, tunda a kan toho furen yake fitowa.

Ga inda gizo ke saƙa: dafi. Danginsu ɗaya da tumfafiya da difla, itaciyar furen nan da ake shukawa a bakin titunan nan, kuma ruwan jikinta zuciya yake taɓawa. Maharba a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya, masunta na kashe kifi da shi. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, 'yar asalin Damagaram, ta hau shanya ta tarar da ni tsugune zan rage wa tawa rassa, sai ta tsaya ta ce, "Ɗan nan, ba dai da wuƙar kicin ba ko? Mu a gida ko akuya ba a ɗaurewa kusa da ita." Na ce, "Inna, sabuwar reza ce, daga nan sai shara." Ta ce to in wanke hannu kafin in taɓa ido. Duk abin da ta faɗa haka yake. Gidan da ke da yaro mai rarrafe ko mai kai komai baki, ko mage mai tauna ganye, to ko dai kariya ta hau inda hannu ba ya kaiwa, ko a haƙura da ita tukuna. Ƙwari ma suna sonta: farin nan mai auduga-auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, da ƙananan rawaya masu taruwa a kan toho, da mitsi-mitsin gizo-gizo da ke biyo bayan ƙura. A fesa wa bayan ganyen ruwa da sassafe, a goge fararen da auduga da sifirit, yawanci ya isa.

Sai dai mu faɗi gaskiya, nawa ne a cikinmu ke da saman bene? Mafi yawa a shuƙƙa muke, wato sashe ɗaya a cikin bene, taga ƙarama, gilashinta mai duhu ko mai hazo, wata ma manwar, ramin iskan nan na tsakiyar gini, take kallo, labule kuma a sake dare da rana, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na aiki kusan duk shekara. Wannan gida na 'yar zabuwa ne. A mahaifarta, gabashin lardin Kef na Afirka ta Kudu, ba a fili take tsayawa ba. Ƙarƙashin ƙananan itatuwa da tsagar duwatsu take laɓewa. Haske take so, ba dukan rana ba. Tagar gabas da ke samun hantsi ta fi, ta arewa ma ta wadatar. Sanyin ɗakin da muke zama, digiri 22 zuwa 26, shi ne daidai nata, in dai ba a ajiye ta saitin bakin mukayyif ba, inda busasshiyar iska ke ƙona mata tsinin ganye.

Tana da kirki ɗaya, ba ta ɓoye damuwarta. In rana ta yi mata yawa sai ta rine ta koma ja-ja, ganyen ya tsuke ciki. In duhu ya yi yawa sai tsakiyarta ta koɗe, ta fara tsawo. Ka matsar da ita, cikin makonni ta dawo hayyacinta. Ruwa sau ɗaya a mako biyu ko uku, bayan ƙasa ta bushe har ƙasa, kuma a gefen tukunya ake zubawa. Ruwan da ya kwana a tsakiyar ganye shi ke ruɓar da ita daga sama. Wani lokaci cikin bazara za ka taɓa ta ka ji tana girgiɗi, ka ɗago ka ga saiwar ta bushe ta zama fanko. Kada a jefar. A cire matattun, a ɗora ta a kan sabuwar ƙasa busasshiya, a jira mako guda kafin ruwa, sabuwar saiwa za ta fito. Ba ta da dafi. Tana haihuwa a gefe, 'ya'yan in sun kai sulusin uwar sai a ɓalle su a raba wa maƙwabta. Aibinta kawai rashin abin kallo: santimita 10 zuwa 12 take tsayawa, yadda ka gan ta bana kusan haka za ka gan ta baɗi, furenta kuma wani dogon tsinke ne da 'yan fararen abubuwa da bai kai a kira yara su gani ba.

Tsakuwa mai rai ita ce mai sace zuciya, ita ce kuma ta fi mutuwa a hannun mutane. A 1811 Baturen Ingila William Burchell ya sunkuya a arewacin Kef ya ɗauki abin da ya zaci dutse ne mai ban sha'awa, ashe tsiro ne. Yau an san nau'i kusan 37, a Namibiya da Afirka ta Kudu da wani gefe na Botsuwana. Duk jikinta ganye biyu ne masu kauri, manne da juna, da tsaga a tsakani, faɗinsu santimita 2 zuwa 4. A daji a binne take, samanta kawai ke waje. Ka ɗauke ta ka kara a haske, za ka ga saman yana da ɗigo-ɗigo da zane masu sheƙi. Ta nan haske ke ratsawa ya shiga cikin jikin da ke ƙarƙashin ƙasa. Launin kuma na duwatsun wurin da ta fito ne, toka-toka ko ruwan ƙasa ko ja, don kada dabba ta gane ta.

Wahalarta ba yawan hidima ba ce, riƙe hannu ne. Shekararta tana da tsari, kuma kusan rabinta ba a ba ta ko ɗigo. A nan ƙasar, daga Oktoba, in dare ya fara sanyi, ake ba ta ruwa. A wannan tsakanin fure ke fitowa ta tsagar, fari ko rawaya, wani har ya rufe jikin duka, yana buɗewa da la'asar ya rufe da magariba. Wadda aka shuka daga iri sai ta yi shekara 3 ko fiye kafin ta fara. Fure na bushewa, sai a ɗauke ruwa. Daga Disamba zuwa Maris ko Afrilu sabbin ganye biyu ne ke girma a ciki, suna tsotse tsofaffin. Za ka ga tsagar ta wage, sabon kai ya leƙo, tsofaffin sun yamutse sun yi muni, duk wanda ya shigo gidan sai ya ce maka abin nan ƙishi yake ji. Kada ka saurare shi. In ka ba ta ruwa a lokacin, tsofaffin ganyen za su sake cika, su shaƙe sabbin, ko jikin ya tsage, ko ta yi hawa-hawa ta ruɓe. Sai tsofaffin sun bushe ƙamas sun zama ɓawo sannan a ba ta ruwa kaɗan a Afrilu da Mayu. Daga Yuni zuwa Satumba kuma barci take, a ƙyale ta, sai in gefenta ya yi tamoji sosai samanta ya lotsa, a ɗan jiƙa ƙasar da yamma. Da yake wasu daga gidajen gilashin Turai ake kawo su, wasu daga wani wuri, sabuwar saye tana iya zuwa da nata lissafin. Abin da ka gani a jikinta za ka bi, ba kalanda ba.

Ƙari a kan haka, abu biyu take nema waɗanda da wuya su haɗu a gidajenmu: hantsi kai tsaye na sa'o'i 4 zuwa 5, da dare mai sanyi. A waje akwai ranar, babu sanyin. A ɗaki akwai sanyin, babu ranar, kuma in haske ya gaza sai ta yi tsawo ta koma koriya, kamannin dutsen da aka saye ta dominsa ya tafi. Mafita ita ce tagar gabas mai farin gilashi a ɗakin da mukayyif ke kwana a kunne, ko fitilar shuka da ake sayarwa. Wanda ya fitar da ita baranda da hunturu kuma ya tuna cewa ɗan ruwan saman da Jidda ke samu daga Nuwamba zuwa Janairu yake zuwa, daidai lokacin da take shiga azuminta, kuma in ya zo ba ya zuwa da wasa: ranar 24 ga Nuwamba 2022 kusan milimita 180 aka auna a kudancin birnin cikin sa'o'i 6. Ga tantabaru, masu son caccakar ta. Ba a haɗa ta tukunya ɗaya da wata shuka, komai kyan da kwandunan nan na kyauta suke yi a shago, don ruwan da zai raya maƙwabciyarta shi zai kashe ta.

Mazauna Ɗa'ifa, da ke sama da mita 1,800, da Abha, sama da 2,200, lissafinsu ya juya. Darensu na hucewa, don haka tsakuwa mai rai na iya zama a baranda ƙarƙashin rumfa, kariya ce za ta wahala da hunturu. Haka Riyad da Ha'il da Tabuka: in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, kariya ɗaki take shiga a bushe. Madina tana tsakani, bazararta ta kariya, hunturunta na sauran.

A maganar ƙasa, dukkan ukun bakinsu ɗaya: ba sa son abin da aka sayo su a ciki. Ka kife tukunyar a tafin hannu ka zare, za ka ga baƙin bitmos, ƙasar ruɓaɓɓun tsirrai, ya dunƙule da saiwa, wanda yake riƙe ruwa kamar soso, in kuma ya bushe sarai sai ya ƙi shan ruwan, ya bar shi ya zurare ta gefe. A warware shi da tsinke a hankali. Jan yashin sahara ma bai yi ba, ya yi laushi da yawa, yana toshewa. Na bakin teku kuwa gishiri ne. Abin nema shi ne yashi mai tsakuwa na kwari, wankakke, da farlayit, farar tsakuwar nan marar nauyi, da dakakken dutsen nan mai huji-huji, ja ko baƙi, da ake sayarwa a buhu. Irin dutsen da ya shimfiɗu ne a Harrat Rahat tsakanin Makka da Madina, inda ƙasa ta yi aman wuta a kusa da Madina a 1256. Bambancin a gwargwado yake. Kariya rabi da rabi, dutse da ƙasa mai taki, don ita maciya ce, tana son taki mai ruwa-ruwa duk wata cikin zafi. 'Yar zabuwa kashi biyu dutse, kashi ɗaya ƙasa. Tsakuwa mai rai kusan dutse zalla, a tukunya mai zurfin santimita 10 saboda doguwar saiwarta, taki kuma kusan babu. Tukunyar da ba ta da huji a ƙasa, komai adonta, ba ta shuka ba ce.

Ruwan famfo a Jidda da Makka tacaccen ruwan teku ne, mafi yawa daga matatar Shu'aiba, kuma yana yi. Wanda za a kula da shi shi ne na wayit, wato tankar ruwa, in daga rijiya aka ɗebo. In ka ga farin ɓawo yana taruwa a bakin tukunya, gishiri ne. Ruwan da ke ɗiga daga bayan mukayyif, wanda muke tarawa a bokiti mu zubar, ba shi da gishiri, ya dace da su sosai. Sai dai da bazara ruwan tankin saman bene tafasasshe yake saukowa, a tara a bar shi ya huce.

Akwai kuma tafiya. Wanda ke kai iyali Kano ko Zindar hutun makaranta, ko mai aikin da Hajji ke ɗauke shi daga gida makonni, ya sa wannan a lissafi, don ana kashe mukayyif gidan ya koma tanda. Tsakuwa mai rai da 'yar zabuwa ba ruwa za su nema ba. A janye su daga jikin gilashi zuwa wuri mai haske marar rana, a bar su a bushe. Kuskuren da ake yi shi ne cika musu tukunya ranar tafiya wai guzuri. Kariya ce ke buƙatar guzurin: a shayar da ita sosai, a ja ta inuwa. Za ta zubar da ganye, tumbin ya ɗan motse, ka dawo ka ba ta ruwa ta sake toho.

Sauran abin da ke teburin ba sai an daɗe a kansu ba. Echeveria, mai ganye jere-jere irin na fure, 'yar tsaunukan Meziko ce, bazarar Jidda narkar da ita take. Mai ƙayar nan mai jan kai ko rawayan kai tsiro biyu ne aka haɗa, na saman ba ya iya ciyar da kansa, ba su cika daɗewa ba. In ka ga busasshen fure mai ƙyalli a kan mai ƙaya, duba da kyau, sau da yawa da gam aka manna. Dangin karan masallaci na nan a duwatsun Hijaz da Asir, suna jure zafi, amma furensu warin mushe yake, ƙuda yake kira. Kada kuma sha'awa ta sa a tono na daji: dokar muhalli ta ƙasar ta hana, a cikin iyakar Harami kuma shari'a ta hana cire abin da ya tsiro da kansa.

In zan yanke wa mutum hukunci, ga shi. Mai sarari a waje a Makka, Jidda ko Madina, wanda yaransa sun san a bari, ya ɗauki kariya ta iri. Mai shuƙƙa da taga ɗaya, ko mai ƙananan yara, ko wanda bai taɓa riƙe shuka ba, ya ɗauki 'yar zabuwa. Tsakuwa mai rai ta wanda ya riga ya riƙe ɗaya daga cikin waɗancan ta shekara a hannunsa ce, yana da tagar gabas, kuma ya tabbata ba wanda zai bi bayansa da buta. A gidan da kowa ke zuba ragowar ruwan kofinsa a tukunyar shuka, kada ma a fara.

Lokacin saye daga Oktoba ne zuwa Fabrairu ga 'yar zabuwa da tsakuwa mai rai, kariya kuma farkon Maris, don ta kama ƙasa da zafinta. A shagon, ka danna tumbin kariya, ka leƙa hammatar ganye ko akwai farin ƙwaro, ka guji tsakuwar da ta kumbura ta yi tsawo ko gindinta ya yi ruwa-ruwa. In ka kawo gida ka sauya ƙasa, kada ka ba ta ruwa sai bayan mako guda, saiwar da ta ji rauni ta warke. Ko kariya ce, tunda ƙarƙashin rumfa ta taso a mashtal, da hantsi za a fara mata, a riƙa ƙara sa'a guda duk bayan 'yan kwanaki har ta saba da cikakkiyar rana.